Shagon caca kusa da makaranta: dokar jiha ce ke aiki ko ta tarayya?

Baban Walida:

Assalamu alaikum. Ina roƙon masu sanin doka su warware mana wata matsala. A wata unguwa cikin birnin Kano akwai gidan kallon ƙwallo da bai wuce taku ɗari biyu daga ƙofar wata ƙaramar sakandare ba. Daga gaba talabijin ne da benci, amma a ƙuryar ciki akwai kanta da kwamfuta biyu, ana yanka tikitin cacar ƙwallo. Yara 'yan shekara 13 zuwa 15 suna shiga da kayan makaranta a jikinsu, wani ya zuba naira 100, wani 200, wasu ma ba sa komawa aji bayan an fita tara. Da aka yi wa mai wurin magana sai ya nuna wata takarda da ya liƙa a bango, ya ce lasisinsa ne daga Abuja, babu mai ikon taɓa shi.

Shin wannan takarda tana da ƙarfi a Kano? Na ji an ce Kotun Ƙoli ta mayar da maganar caca hannun jihohi, amma ban san iyakar hukuncin ba. Sannan wasu suna cewa a kai ƙarar iyayen yaran tunda akwai dokar ilimi dole, wasu kuma suna cewa a kira Hisba ta kwashe yaran gaba ɗaya. Wace hanya ce doka ta yarda da ita, kuma a ina ake farawa?

Lauyan Unguwa:

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da takardar bangon, domin ita ce mafi sauƙi.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya raba ikon yin doka gida uku. Akwai jerin abubuwa 68 da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, irin su soja, 'yan sanda, bankuna da wayar sadarwa. Akwai jeri na biyu da tarayya da jihohi suka yi tarayya a kai, ilimi yana ciki. Duk abin da bai shiga ɗaya daga cikin biyun ba, sashe na 4(7) ya bar wa majalisar jiha. Caca ba ta cikin kowanne jeri. A kan wannan ne jihar Legas ta shigar da ƙara tun 2008, tana ƙalubalantar dokar caca ta ƙasa ta 2005 wadda ta kafa hukumar da ke ba da lasisi daga Abuja. Ranar 22 ga Nuwamban 2024 alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci baki ɗaya cewa dokar ba ta aiki sai a Babban Birnin Tarayya. Saboda haka takardar da ya liƙa, ko da ta gaske ce, ba ta ba shi izinin komai a Kano. Galibi ma irin wannan takarda ba ta mai shagon ba ce, hoton lasisin kamfanin da yake yi wa wakilci ne.

Amma akwai abin da mutane ba su lura da shi ba a hukuncin nan. Kotu ba ta ce caca haramun ce ba, cewa ta yi kowace jiha ta yanke wa kanta. Legas ta zaɓi ba da lasisi da karɓar haraji, tana da dokarta ta 2021 da hukumarta. Sannan haramcin sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 tikiti yana cikin waccan doka ta 2005 da aka taƙaita ta ga Abuja. Ke nan jihar da ba ta rubuta nata ba, dole ta dogara da tsofaffin dokokinta na laifuka.

A Kano abu biyu ne a hannu. Na farko kundin laifuka na Shari'a na shekarar 2000, wanda caca laifi ce a cikinsa, hukuncinta ta'aziri, wato wanda alƙali ke ƙayyadewa, kuma yana hawa kan Musulmi ne, a Kotun Shari'a. Na biyu Final Kod (Penal Code), wato dokar laifuka wadda Arewa ke aiki da ita tun 1960, sashe na 204 zuwa 206 sun yi magana kan gidan caca da reful, ana kai ƙara Kotun Majistare, kuma tana hawa kan kowa. Don haka tun kafin ku rubuta koke ku san wane ne mai wurin. In aka gurfanar da wanda ba Musulmi ba a Kotun Shari'a ba tare da yardarsa ba, lauyansa zai rushe shari'ar a zaman farko kan rashin hurumi, a koma gidan jiya.

Matakan da nake ba da shawara:

Ku tara shaida kafin kowa ya ji. Tikitin da aka buga shi ne babbar shaida, domin yana ɗauke da rana, lokaci, lambar shago da adadin kuɗi. Rubutun irin wannan takarda yana dishewa da sauri, musamman in ta sha zafi, don haka a ɗauke ta hoto a ranar, a yi fotokwafi, a adana asalin cikin ambulan. A samu manya biyu ko uku da za su iya tsayawa gaban alƙali su ce ga ranar da suka ga yara da kayan makaranta a ciki. Kada a tura yaro ya saya don a kama mai shago, kuma kada a sa fuskar yaro a Facebook ko TikTok.

Ku rubuta koke ɗaya, shafi guda, da sa hannun mai unguwa da shugaban kwamitin iyaye da malamai. Kwafi ga DPO, kwafi ga ofishin Hisba na ƙaramar hukumar, kwafi ga shugaban makarantar. Kowane wuri a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku, da kwanan wata. Koke na baki shi ne wanda ake cewa ba a taɓa ji ba.

Ku bi sawun maganar har kotu. A nan aka fi yin sake. A 2024 Hisba ta rufe shagunan caca da dama a Kano, ta dakata lokacin da hukumar caca ta tarayya ta yi ƙorafi, sannan bayan hukuncin Kotun Ƙoli ta sanar za ta ci gaba. Amma sa kwaɗo a ƙofa ba hukunci ba ne. Sashe na 36(12) na kundin tsarin mulki ya ce ba a hukunta mutum sai da laifin da ke rubuce a doka tare da hukuncinsa, kuma kotu ce ke yin wannan. Wanda aka kama, sashe na 35 ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. In aka tsare shi kwana huɗu ba caji, shi ne zai dawo yana ƙarar take haƙƙi, ya buɗe shagonsa da ƙarfin gwiwa fiye da da.

Kada a manta da mai gidan da ya ba da haya. Wasiƙa daga mai unguwa da ke sanar da shi abin da ake yi a shagonsa takan yi aiki fiye da sumame, domin daga ranar ba zai iya cewa bai sani ba.

Malama Hadiza:

Barista ya gama da mai shago. Ni kan maganar kai ƙarar iyaye zan tsaya, kuma ban goyi bayanta ba a matsayin matakin farko.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare. Sashe na 2 ya ɗora wa uba, ko duk wanda yaro ke hannunsa, ya tabbatar yaron ya shiga kuma ya gama. Hukuncin kuwa hawa-hawa ne: karon farko jan kunne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan naira 5,000 ko wata biyu. Kano ta ƙaddamar da nata shirin ilimi kyauta kuma dole a 2019, aka sa hannu a dokarsa a 2020, sannan a watan Yunin 2024 gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi. To a takarda ba a rasa komai ba.

Matsalar ita ce laifin uban da dokar ta hango shi ne ƙin kai yaro makaranta. Uban da ya tashi ɗansa da safe, ya ba shi kuɗin tara, ya ga ya fita da jaka, me za a ce ya yi? Kafin a tuhume shi sai an nuna an sanar da shi ɗansa ba ya zama a aji, ya yi biris. Wannan kuwa rajistar aji ce ke tabbatar da shi, kuma a nan gizo ke saƙa. Ana kiran suna da safe kawai. Yaron da ya amsa ƙarfe takwas ya tsallake katanga ƙarfe goma da rabi, a rajista ya halarta. A ajin da ɗalibai suka haura ɗari, malami ɗaya ba zai gane wanda ya ɓace ba sai in ya sake kira.

Abin da makaranta za ta iya yi daga ranar Litinin, ba tare da jiran kowa ba: a riƙa kiran suna sau biyu, da safe da kuma bayan tara. Duk wanda ya ɓace sau uku a mako biyu, a aika wa gida takarda, a ajiye kwafi. In ba a zo ba, takarda ta biyu ta bi ta hannun mai unguwa. Sai bayan ta uku a miƙa sunayen ga ofishin ilimi na shiyya. A rufe ƙofa lokacin tara, a bar masu sayar da abinci da aka tantance su shigo ciki, domin da sunan sayen abinci ake fita. In katanga ta faɗi, a rubuta shi cikin tsarin gyaran makaranta da kwamiti ke miƙawa, kada a bar shi a baki. Kuɗin irin wannan aiki yana da hanya: dokar 2004 ta ware wa UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, aƙalla kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya, amma jiha ba ta ɗaukar kasonta sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta. Shi ya sa yake da amfani kwamiti ya tambayi SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, a rubuce ko makarantarsu tana cikin ayyukan bana.

Wani abu kuma, a binciki inda kuɗin ke fitowa. In yaro yana karɓar naira 200 kullum kuma yana dawowa gida da yunwa, alama ce. Wasu iyayen da suka gane sukan koma ba da abinci a kwano, ko su biya mai abinci na mako gaba ɗaya.

Baban Walida:

Allah ya saka da alheri, Barista da Malama. Na fahimci batun shaida da rajista. Saura maganar yaran kansu. In an kai sumame aka same su a ciki, su ma masu laifi ne? Akwai marayu biyu a cikinsu, akwai kuma wanda iyayensa suka rabu, yana hannun kakarsa.

Hajiya Uwani:

Malam, don Allah ku hana a haɗa yaran da manya a mota ɗaya. Wannan kuskure ne da yake da wuyar gyarawa.

Final Kod a sashe na 50 ta ce ɗan ƙasa da shekara 7 ba ya laifi, ɗan 7 zuwa 12 kuma sai in an tabbatar hankalinsa ya kai ya gane abin da ya aikata. Naku 'yan 13 zuwa 15 ne, sun wuce wannan kariya, don haka ana iya tuhumarsu. Amma yadda ake bi da su daban ne. Dokar 'yancin yara ta tarayya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, ta tanadi kotun iyali a matakin Majistare da na Babbar Kotu, ta hana zaman shari'ar yaro a bainar jama'a, ta hana buga sunansa ko hotonsa, ta hana kai shi kurkukun manya. Sai dai ita ma irin ta cacar ce, ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi tata. Kaduna ta yi a 2018, Katsina a 2020, Sakkwato da Jigawa a 2021, Kano kuma sai a watan Mayun 2023, da sunan dokar kare yara. Jihohin Arewa da yawa sun sauya wasu sassa, musamman na shekarun aure da na ɗaukar ɗan riƙo, don su dace da Shari'a. Saboda haka kada wani ya tsaya gaban DPO yana karanta lambar sashe daga dokar tarayya. A nemi kwafin ta Kano a Ma'aikatar Shari'a ko Ma'aikatar Mata, a duba lambar sashen a can.

A aikace, tun kafin ranar sumame a sanar da jami'in walwalar jama'a na ƙaramar hukumar, a ce ana son ya kasance a wurin. A rubuta sunayen yaran a takarda daban, a kira iyaye ko masu riƙonsu, a sallame su a ranar bayan an sa hannu. Kada a yi wa yaro tambayoyi ba tare da babba nasa ba. Ba a aske masa kai, ba a ɗaukar sa bidiyo. Bidiyon da aka yaɗa yau shi zai bi shi har ranar neman aure.

Game da wanda ke hannun kaka: a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, reno bayan rabuwa na uwa ne, daga ita sai mahaifiyarta, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Amma ciyarwa da tufatarwa da ɗawainiyar karatu suna wuyan uba ko yaron ba ya gidansa. To takardar makaranta ta je wa su biyun. In uban ya janye hannu, kakar tana iya shigar da ƙarar ciyarwa a Kotun Shari'a mafi kusa, ba ta buƙatar lauya, ta tafi da lissafin abin da take kashewa a wata da shaida ɗaya da ya san sana'ar uban. Marayun kuma a nemo waliyyinsu na ɓangaren uba, a zauna da shi gaban mai unguwa. Yaron da ya san babu mai tambayar inda ya wuni shi ya fi daɗewa a irin wannan shago.

Tsohon Akawu:

Na yarda da duk abin da aka faɗa, amma ina ganin an tsaya kan shagon da yawa. Ku rufe shi gobe, cacar ta koma waya. Yaron ba shi da asusun banki, sai ya miƙa wa wani saurayi mai asusu naira 200 a bakin layi, shi ya buga masa, ya cire ladansa in an ci. Babu kanta, babu tikiti, babu allo. Final Kod, wadda aka rubuta a 1959 da gidan karta a zuciya, ba ta hango wannan dillali ba, kuma lauya mai wayo zai ce ai ba gidan caca yake riƙe da shi ba. Gyaran nan aikin Majalisar Dokokin Jiha ne, kuma tun Nuwamban 2024 ba ta da uzurin cewa hurumin Abuja ne.

Hanyar shiga: a rubuta koke zuwa ga kakakin majalisa ta hannun ɗan majalisar mazaɓarku, shi zai gabatar a zaure a miƙa wa kwamiti. Amma koke da ƙudirin jan hankali ba sa zama doka, shawara ce kawai ga gwamnati. In doka ake so sai an kawo daftari, ko ɗan majalisa ya ɗauki nauyinsa, ko ya fito daga ɓangaren zartarwa ta Ma'aikatar Shari'a. Na ɓangaren zartarwa ya fi saurin wucewa, domin an riga an san gwamna zai sa hannu. Daga nan karatu na farko, wanda take kawai ake karantawa, karatu na biyu inda ake muhawara, sai kwamiti da zaman jin ra'ayin jama'a, sai a bi shi sashe-sashe, sai karatu na uku. Sashe na 100 na kundin tsarin mulki ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na iya tabbatar da ita, wato 27 cikin 'yan majalisar Kano 40. A kula da lokaci: majalisun da ke ci an rantsar da su a Yunin 2023, wa'adinsu shekara huɗu, kuma daftarin da bai kammala ba yakan mutu tare da majalisar, sai a faro daga farko.

Wurin da jama'a ke da ƙarfi shi ne zaman jin ra'ayi. Kada a je da jawabin cewa caca ba ta da kyau, kowa a zauren ya sani. A je da takarda mai cewa a sashe kaza a ƙara kalma kaza. Abin da zan nema a ciki: ma'anar caca ta haɗa da wadda ake yi ta waya da kwamfuta da wasan ƙwallon bogi na allo, wanda ya karɓi kuɗin wani ya buga masa ya zama mai laifi da kansa, hukuncinsa ya ninka in yaro ne, mai ba da haya da aka sanar ya yi shiru ya shiga ciki, kotu ta samu ikon ƙwace na'urori, yaro a ɗauke shi a matsayin wanda aka cutar, a bi da shi ta dokar kare yara. A faɗi ƙarara wa ke kamawa, wa ke gabatar da ƙara, wace kotu ce ke da hurumi kan Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Tara kuma kada a kafe ta a adadi ɗaya, a bar ƙofar sabunta ta ta hanyar ƙa'idoji, in ba haka ba za ta zama kamar naira 2,000 da Malama ta ambata.

Akwai kuma iyakar da jiha ba za ta wuce ba. Bankuna da layukan waya suna jerin tarayya. Majalisar Kano ba za ta umarci kamfanin waya ya toshe shafi ba, ba za ta umarci banki ya hana tura kuɗi ba. Wannan sai gwamnati ta nema ta hannun NCC, hukumar sadarwa ta ƙasa, da Babban Banki. Daftarin da ya kutsa can za a soke sashen a kotu.

Bayan sa hannu saura abu uku da ke kashe doka a tsaye: ba a buga ta a gazet, jaridar dokoki ta gwamnati, ba, alƙali ya ce a kawo masa kwafi a rasa, ba a sa mata layi a kasafin kuɗi ba, ba a rubuta ƙa'idojin aiwatarwa ba. Dubi dokar gwajin lafiya kafin aure da Kano ta yi a Mayun 2024, mai neman gwajin ƙanjamau, ciwon hanta da rukunin jini na sikila. Ƙarfinta duka yana hannun limamin da zai ce a nuna masa takarda kafin ya ɗaura, da asibitin da zai yi gwajin da kuɗin da talaka zai iya biya. Ta caca ma haka take, sai an ambaci mutumin da aikin ke wuyansa da inda zai samu man mota.

Lauyan Unguwa:

Na amince da Alhaji kan batun dillali, amma kada Baban Walida ya jira sabuwar doka. Dillalin da ke karɓar kuɗin yara, in Musulmi ne, ana iya gurfanar da shi yanzu a Kotun Shari'a kan caca da taimaka wa aikata ta. Shaidarsa tana cikin wayarsa: tarihin abin da ya buga da kuɗin da suka shiga asusunsa. Sai dai 'yan sanda ne za su karɓi wayar su rubuta ta a rajistar kayan shaida, ba matasan unguwa ba. Wayar da ta kwana a aljihun wani kafin ta isa caji ofis, lauya zai ce an yi mata ƙari, kuma alƙali zai saurare shi.